'Yancin Mutum a Gaban Dokar Kulle: Tarken Littafin La Peste na Albert Camus

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da annoba ta sauka a ƙasa, hukuma takan ɗauki waɗansu matakai waɗanda ba mai yarda da su in ana zaman lafiya. Takan rufe ƙofofin gari, ta hana kasuwa ci, ta raba majiyyaci da danginsa, har ma ta hana mutane yi wa mamatansu sutura yadda suka gada. Hujjarta kullum ita ce ran jama'a ya fi jin daɗin mutum ɗaya. Shi kuwa mutum ɗayan yakan ce bai yi laifin kome ba, to, a kan me za a ɗaure shi? Wannan jayayya daɗaɗɗiya ce, amma cutar korona ta sabunta ta a shekarar 2020, sa'ad da aka kulle birane tun daga Wuhan ta ƙasar Sin har zuwa Kano.

A cikin ƙagaggun labaran da suka taɓo wannan jigo, babu wanda ya kai La Peste shahara, watau Annoba, wanda Albert Camus ya rubuta da Faransanci, aka buga a 1947. Da korona ta ɓulla, sai mutane suka koma kansa, musamman a Italiya da Faransa, inda aka yi ta sayensa kamar sabon littafi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda littafin ya warware jayayyar da ke tsakanin 'yancin mutum da dokar tsaron lafiyar jama'a, sa'an nan a auna warwarar tasa. Ra'ayin da za a kare shi ne, Camus ya yi wa mai neman 'yanci adalci ƙwarai, amma ya sauƙaƙa wa kansa aiki, domin ya zaɓi mutumin da kulle ya raba da masoyiyarsa, ya ƙyale mutumin da kulle ya raba da abincinsa.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Camus a Aljeriya a 1913, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Faransa. Bature ne, amma ɗan talakawa. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, mahaifiyarsa kuma aikatau take yi a gidajen mutane. Tun yana ɗan shekara 17 tarin fuka ya kama shi. Ya zauna a birnin Oran daga 1941 zuwa 1942, sa'an nan ya tafi Faransa jinya. Yana can sojojin ƙawance suka sauka a Afirka ta Arewa a watan Nuwamba na 1942, hanya ta yanke, ya rabu da matarsa har zuwa 1944. Saboda haka ba da ka ya rubuta zafin rabuwa ba, jiki magayi. An ba shi kyautar Nobel ta adabi a 1957, ya mutu a haɗarin mota a 1960.

Labarin yana da kashi biyar, kuma an gina shi a birnin Oran mai mutane wajen 200,000, a wata shekara da ba a fayyace ba cikin shekarun 1940. Ran 16 ga Afrilu likita Bernard Rieux ya yi tuntuɓe da mushen ɓera a ƙofar ɗakinsa. Kafin wata ya ƙare ana kwashe ɓeraye dubbai a rana ɗaya. Daga nan mutane suka fara zazzaɓi da kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, watau alamun cutar ɗa'un, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓera. Hukuma ta yi ta jan ƙafa, tana gudun ambaton sunan cutar, har mace-mace suka yawaita, aka aiko da umurnin a rufe gari. Ba a sake buɗe ƙofa ba sai a watan Fabrairu na shekara mai zuwa.

Kullen na Oran mai tsanani ne. An hana fita, an hana aika wasiƙa don gudun kada takarda ta ɗauki cuta, sai gajeren saƙon tangaraho kaɗai aka bari. Duk wanda ya kamu a kan ɗauke shi zuwa asibiti, iyalinsa kuma a killace su. Da abin ya yi tsamari aka kafa dokar soja da ta hana yawon dare, aka riƙa harbin masu ƙoƙarin tsallake ƙofa, aka daina jana'iza, aka koma zuba gawawwaki a rami ɗaya, daga baya ma ƙone su. A cikin wannan hali ne taurarin labarin suke motsi: likita Rieux, da abokinsa Tarrou wanda ya kafa ƙungiyoyin 'yan sa-kai, da Paneloux limamin Kirista, da Othon alƙali, da Grand ƙaramin ma'aikaci, da Cottard mai cin ribar fasa-ƙwauri, da kuma Rambert ɗan jarida.

3.0 Rambert da Hujjar Mai Neman Fita

A kan Rambert ne marubucin ya ɗora nauyin jigon da muke nazari. Baƙo ne daga Paris, wata jarida ta aiko shi aiki na 'yan kwanaki, ƙofa ta rufe da shi a ciki, macen da yake so kuwa tana can Faransa. Hujjarsa mai sauƙi ce: shi ba ɗan garin ba ne, ba shi da cuta, kuma rayuwa gajera ce, bai ga dalilin da zai sa a ci masa kwanakinsa saboda masifar da ba tasa ba. Ya bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓe shi da fara'a, kowa ya sallame shi hannu rabbana. Ya je wa Rieux neman takardar shaidar cewa lafiyarsa ƙalau. Likita ya ƙi, ya ce ba shi da hanyar sanin ko yana ɗauke da cutar, kuma ko da ya sani, ba ya iya lamunce abin da zai same shi tsakanin asibiti da ofishin gwamna. Ya ƙara da cewa akwai dubban mutane masu irin uzurinsa. Rambert ya fusata, ya zargi likita da cewa ya daina ganin ɗan Adam, ba ya ganin kome sai ƙa'ida da lissafi.

A nan ne gwanintar Camus ta fito fili. Da wani marubucin ne, da ya mai da Rambert matsoraci ko mai son kai, don mai karatu ya tsane shi, doka ta yi nasara a sauƙaƙe. Camus bai yi haka ba. Ya nuna mana Rambert jarumi ne wanda ya yi yaƙin basasar Sifaniya a ɓangaren da aka ci, ya ga yadda ake kashe mutane da sunan aƙida, har ya yanke shawarar ba zai sake sayar da ransa don wata babbar kalma ba. Daɗin daɗawa, likitan kansa bai taɓa cewa Rambert ya yi kuskure ba. Zargin nan na ƙa'ida da lissafi ya daɗe yana damunsa, kuma da Rambert ya koma wa 'yan fasa-ƙwauri don su fitar da shi a ɓoye kan kuɗi faran dubu goma, Rieux bai kai ƙararsa ba. Da alƙali Othon ya yi gargaɗin a ja kunnen ɗan jaridan, abin da likita ya gaya masa shi ne ya yi sauri ya fita tun asiri bai tonu ba.

Yadda aka warware ƙullin shi ne abin lura. Babu wanda ya kayar da Rambert a muhawara. Tarrou ne kawai ya sanar da shi cewa matar likitan ma tana wani asibitin jinya nesa da Oran, kulle ya raba su, amma likita bai taɓa ambata ba. Washegari Rambert ya nemi a sa shi cikin 'yan sa-kai kafin hanyarsa ta buɗe. Da hanyar ta buɗe kuwa, masu gadi biyu sun shirya fitar da shi da tsakar dare, sai ya fasa. Dalilinsa shi ne kunya za ta hana shi jin daɗin abin da ya gudu dominsa, kuma ya gane cewa ya riga ya zama ɗan gari, ko yana so ko ba ya so.

Ma'anar wannan zubi ita ce, a ganin Camus, doka ba ta zama ta mutum sai ran da yake da ikon karya ta amma ya zaɓi ya bi. Soja na iya tsare ƙofa, amma yardar zuciya ce ke tsare gari. Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin ya san labarin annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira, wajen 639, lokacin da Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham, aka kuma tabbatar masa da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba, ya hana na ciki fita don gudu. Ya san kuma Abu Ubaida ya ƙi barin rundunarsa ko da Halifa ya kira shi, har cutar ta ɗauke shi. Bambancin shi ne Abu Ubaida ya dogara ga imani, Rambert kuwa, wanda ba shi da addini, kunya da zumunci ne suka riƙe shi. Camus yana so ya nuna cewa ko da wannan kaɗai mutum na iya tsayawa.

4.0 Mai Dokar Barci

Sai a ƙarshen littafin Rieux ya bayyana cewa shi ne mai ba da labarin. Ya zaɓi salo mai sanyi irin na rahoton asibiti, ba zuga ba kambamawa, yana ta nanata cewa shi mai shaida ne kawai. Wannan salo ya dace da labarin, domin tsoro ya fi shiga zuciya in an faɗe shi da murya ƙasa ƙasa. Amma yana da illa guda: duk abin da muka sani game da dokar kulle daga bakin mai zartar da ita muka ji shi. Saboda haka wajibi ne manazarci ya lura da abin da likitan ya aikata, ba abin da ya faɗa kaɗai ba.

Gaskiya ne Rieux bai ɓoye munin aikinsa ba. Ya bayyana yadda a farko iyalai suke buɗe masa ƙofa da murna, daga baya suka koma kulle ta, domin sun gane shigarsa na nufin a ɗauke majiyyaci, ba kuwa za su sake ganinsa ba sai ya warke ko ya mutu. Har ta kai ba ya shiga gida sai da rakiyar masu bindiga. Ya yarda cewa tausayi ya ƙare masa, kuma ƙarewar tasa ce ta ba shi ikon ci gaba da aiki. Wannan hoto ne na gaskiya, wanda duk ma'aikacin lafiya da ya yi aiki a 2020 zai gane.

Amma akwai wurare biyu da likitan ya yi abin da ya hana wa waɗansu. Na farko, wani dare cikin kaka shi da Tarrou suka nuna wa masu gadi takardunsu na izinin wucewa, suka tafi bakin teku suka yi iyo, alhali an haramta wa sauran jama'a ko kusantar ruwan. Marubucin ya zana wannan a matsayin sa'a ɗaya ta abota da hutu, kuma yana daga cikin wurare mafi daɗin karatu a littafin. Na biyu ya fi nauyi. Da cutar ta kama Tarrou a kwanakinta na ƙarshe, Rieux bai kai shi asibitin killacewa ba. Ya bar shi a gida, shi da mahaifiyarsa suka yi jinyarsa har ya cika. Tarrou da kansa ya lura cewa bai taɓa ganin likitan ya yi wa wani haka ba. Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ana iya cewa da gangan Camus ya yi wannan, don ya nuna ko mai ƙa'ida yana da zuciya. To, amma labarin bai tsaya ya tambayi abin da uwar da aka ƙwace wa ɗa da bakin bindiga za ta ce ba in ta ji. Idan aka kwatanta da alƙali Othon sai abin ya ƙara fitowa. Shi mutum ne mai taurin kai wanda mai karatu ba ya so da farko, amma da ɗansa ya kamu, bai nemi alfarma ba. Ya miƙa yaron, ya tafi sansanin killacewa da aka kafa a filin ƙwallo, har kuskuren ofis ya sa ya wuce kwanakinsa a can. Da aka sake shi, sai ya roƙi a mai da shi sansanin ya yi aikin sa-kai, cutar kuma ta kashe shi. A duk littafin shi ne babban mutum guda da doka ta hau kansa kamar yadda ta hau kan kowa, amma shafukan da aka ba shi kaɗan ne.

5.0 Waɗanda Ba a Ji Muryarsu Ba

Aikin da ya kawo Rambert Oran shi ne binciken halin zaman Larabawa da lafiyarsu. A haɗuwarsu ta farko, likita ya ce masa halin ba shi da kyau, ya tambaye shi ko jaridarsa za ta yarda ya faɗi gaskiya dukanta. Da Rambert ya ce ba lalle ba, sai likita ya ƙi ba shi bayani, ya ce ya rubuta labarin ɓeraye. Daga wannan shafi maganar Larabawa ta mutu. A cikin littafin duka babu Balarabe ko ɗaya mai suna, babu wanda ya yi magana, babu wanda muka ga mutuwarsa. Gaskiya ne Turawa sun fi yawa a Oran ta wancan zamani, amma dubban Musulmi na zaune a cikinta, kuma a unguwanni mafi cunkoso, inda irin wannan cuta ta fi ɓarna. Conor Cruise O'Brien ya yi wannan suka a 1970, Edward Said ya faɗaɗa ta a 1993. Ba kuwa rashin sani ne ya jawo ba, domin Camus ne ya rubuta jerin rahotanni a jarida a 1939 kan yunwa da talaucin yankin Kabiliya.

Masu kare shi sukan ce Oran alama ce kawai. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Roland Barthes a 1955, Camus ya ce abin da littafin ke nufi a fili shi ne gwagwarmayar Turai da mulkin Nazi. Idan haka ne, annoba ita ce mamayar Jamus, 'yan sa-kai kuma su ne masu yaƙin sunƙuru. To, amma wannan alamtarwa tana da tsaga a daidai wurin da ya shafe mu. A ƙarƙashin mamaya, wanda ya rufe ƙofa shi ne abokin gaba. A ƙarƙashin annoba kuwa, wanda ya rufe ƙofa cewa yake yi ceto ya zo. Da marubucin ya mai da mugunta ƙwayar cuta, sai hukuma ta tsira da laifin sakaci da jan ƙafa kawai, ba a tuhume ta da zalunci ko son kai ba.

Tarihin mulkin mallaka kuwa ya nuna cewa a nan ne gizo ke saƙa. Da ɗa'un ta ɓulla a birnin Kef na Afirka ta Kudu a 1901, baƙar fata aka kwashe aka kai bayan gari. Da ta ɓulla a Dakar a 1914, Faransawa sun ƙone bukkokin 'yan ƙasa, suka tura su sabuwar unguwar da ake kira Madina, gidajen Turawa kuwa feshi aka yi musu. A irin waɗannan garuruwa dokar lafiya ba ta taɓa sauka a kan kowa daidai ba. Littafin da aka gina a birnin mallaka, yana magana a kan killacewa, ya kuma yi shiru a kan wannan, ya bar rabin jigonsa a ƙasa.

Don a yi adalci, Camus ya taɓo talauci. Ya ambata cewa 'yan kasuwa sun ɓoye kaya, farashi ya hau, masu hali ba su rasa kome ba, talakawa kuwa suka shiga uku, har aka riƙa rubutu a bango ana neman ko dai a ba da abinci ko a buɗe ƙofa. Amma wannan bai wuce sakin layi ɗaya ko biyu ba, alhali an bi Rambert daga wannan gidan abinci zuwa wancan har shafuka masu yawa. Babu tauraro ko ɗaya da ya kwana da yunwa. Shi ya sa zaɓin Rambert, duk da kyansa, zaɓi ne na ƙoshasshe: yana da masauki, yana da kuɗin biyan 'yan fasa-ƙwauri, abin da ya sadaukar kuwa jinkirin saduwa ne, domin a ƙarshe macen ta zo ta same shi a tashar jirgi.

6.0 Awon Littafin da Shekarar 2020

Abubuwa da yawa da Camus ya zana sun faru kamar ya gani: musun farko, da gardama kan alƙaluma, da jita-jitar magunguna, da gajiyar ma'aikatan asibiti. Amma jayayyar 'yanci ta ɗauki kamanni biyu. A Turai da Amurka an fi yin ta a kan takunkumin fuska da allurar rigakafi da izinin tafiya, watau irin ta Rambert. A ƙasashenmu kuwa a kan tukunya aka yi ta.

A Nijeriya an ba da umurnin kulle Ikko da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris 2020, bisa Dokar Killacewa ta 1926, wadda Turawan mulki suka kafa a shekarun da ɗa'un ke cin Ikko. Kano ta bi a tsakiyar Afrilu, ana gab da azumi. Cutar ba ƙarya ba ce: a watan Yuni Ministan Lafiya ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, kuma ana jin rabi ko fiye na da nasaba da korona. Amma ɗan dako da mai tura ruwa da mai tallan ƙosai, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, sun tsinci kansu gaba kura baya siyaki. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyu na farkon kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin doka, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. An yi ta jigilar almajirai daga jiha zuwa jiha, aka kuma sami masu cutar a cikinsu. A Yamai an yi tarzoma a watan Afrilu kan dokar hana fitar dare da rufe masallatai. A watan Oktoba jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da waɗansu garuruwa. Duk waɗannan mutane su ne waɗanda La Peste bai ba suna ba.

Masana shari'a sun daɗe da shata iyaka. John Stuart Mill ya kafa hujja a 1859 cewa ba a tauye 'yancin mutum sai don hana shi cutar da wani, mai ɗauke da annoba kuwa yana cutarwa ko bai yi niyya ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da 'yancin zirga-zirga a sashe na 41, ya kuma yarda a sashe na 45 a taƙaita shi saboda lafiyar jama'a. Ƙa'idojin Sirakusa na 1984 sun shardanta cewa taƙaitawar ta kasance bisa doka, gwargwadon larura, kuma ba tare da nuna bambanci ba. Saboda haka ba a jayayya a kan halaccin kulle. Abin jayayya shi ne sharaɗinsa.

A nan harshen Hausa yana da abin da zai ƙara. Da dokar zaman gida ta zo, kalmar da ta bi bakin jama'a da gidajen rediyo ita ce dokar kulle, watau an aro ta daga al'adar aure. Ba muhawara a kan dacewar wannan al'ada ce ta kawo mu ba, ma'anar kalmar muke dubawa. A wurin Bahaushe, miji mai kulle ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura, har ruwa da itace sai ya kawo, in kuwa ya gaza, mace na da bakin kai ƙara wurin waliyyi ko alƙali. Shi ya sa a karkara talakan da bai iya ɗaukar wannan nauyi ba bai cika yin kulle ba. Kalmar ke nan tana ɗauke da yarjejeniya: wanda ya rufe ƙofa shi ke ciyar da na ciki. Hukumar da ta ari sunan ta bar sharaɗin, ta nemi talaka ya yi irin sadaukarwar Rambert ba tare da aljihun Rambert ba, alhali da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa La Peste ya yi nasara a wurare biyu. Ya ƙi wulaƙanta mai neman 'yancinsa, ya kuma nuna cewa dokar lafiya ba ta ɗorewa sai da yardar waɗanda ta hau kansu. An kuma nuna rauninsa: labarin ya fito ne daga bakin mai zartar da doka, wanda ya sassauta wa kansa da abokinsa, alamtarwarsa ta wanke hukuma daga tuhuma, sa'an nan ya yi shiru a kan 'yan ƙasa da mayunwata, waɗanda a kansu kulle ya fi nauyi. Yardar da Camus ya yaba gaskiya ce, amma bai tambayi abin da ke sa ta yiwu ba, watau daidaito a gaban doka da kuma abin sa wa a baka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona ran 5 ga Mayu 2023, amma littafin kansa ya rufe da gargaɗin cewa ƙwayar cuta laɓewa take yi, ba ta mutuwa. Saboda haka ya cancanci malamai su karantar da shi a azuzuwan adabin kwatance, tare da jawo hankalin ɗalibai ga giɓin da ke cikinsa. Cike giɓin kuwa aikin marubutanmu ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labarin mai tura ruwan da ya tsaya a zaure da asuba a watan Afrilu na 2020, yana auna tsoron cuta da tsoron bulala da kukan 'ya'yansa, ya fi na Rambert wuyar warwarewa, kuma a cikinsa ne za a gane ainihin farashin dokar kulle.